Yaƙi da Rashin Ɗa'a: Watanni 20 na mulkin ba sani ba sabo

A ranar 10 ga watan Afrilun 1985 aka bindige wasu samari uku a gidan kurkukun Kirikiri da ke Legas, bayan da wata kotu ta musamman ta same su da laifin safarar hodar iblis.

Dokar da aka kashe Bartholomew Owoh da Bernard Ogedengbe da Lawal Ojuolape a ƙarƙashinta, an kafa ta ne a watan Yulin 1984, amma aka mayar da ranar fara aikinta baya zuwa 31 ga watan Disambar 1983.

Wannan hukunci na daga cikin abubuwan da aka fi tunawa da su game da gwamnatin soja ta Manjo Janar Muhammadu Buhari, haifaffen garin Daura, da mataimakinsa Tunde Idiagbon, wadda ta ɗauki matakan da ba a saba gani ba wajen yaƙi da miyagun laifuka da kuma tsare mutane.

Fiye da shekara 40 bayan haka, kawunan 'yan Najeriya na rabe kan wannan zamani. Wasu na ganin shi ne lokacin da aka fi bin doka da oda a ƙasar, wasu kuma na cewa a lokacin ne aka fi yi wa ita kanta dokar karan tsaye.

Halin da ƙasa ke ciki

Sojoji sun hamɓarar da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ne a ranar 31 ga watan Disambar 1983, watanni uku kacal bayan an rantsar da shi a wa'adi na biyu.

A lokacin farashin man fetur ya faɗi a kasuwannin duniya, jihohi da dama sun kasa biyan albashi, kayan masarufi irin su shinkafa da madara da sukari da sabulu sun yi wuyar samu, sannan 'yan adawa na zargin jam'iyyar NPN mai mulki da tafka maguɗi a zaɓen 1983.

Haka kuma an yi ta samun gobara a manyan gine-ginen gwamnati, ciki har da dogon benen hukumar sadarwa ta NET a Legas a watan Janairun 1983, kuma mutane da yawa sun yi imanin cewa ana cinna wutar ne domin a ƙone takardun da za su tona asirin masu satar dukiyar jama'a.

Saboda haka ne jama'a a sassa daban-daban suka yi maraba da juyin mulkin. Janar Buhari, wanda aka haifa a ranar 17 ga watan Disambar 1942, ya riƙe muƙamin gwamnan jihar Arewa maso Gabas da na kwamishinan man fetur na tarayya a gwamnatocin soja da suka gabata, kuma an san shi da tsare gida da rashin son wargi.

Layi da bulala

A ranar 20 ga watan Maris na 1984 Janar Idiagbon ya ƙaddamar da shirin Yaƙi da Rashin Ɗa'a, wanda aka fi sani da WAI.

An tsara shirin ne mataki-mataki har guda biyar. Na farko shi ne bin layi, sai riƙon aiki da muhimmanci, sai kishin ƙasa, sai yaƙi da cin hanci da zagon ƙasa ga tattalin arziki. Mataki na biyar, wato tsabtar muhalli, a Kano aka ƙaddamar da shi cikin watan Yulin 1985.

Sojoji riƙe da bulala sun riƙa tsayawa a tashoshin mota da bankuna da wuraren sayar da kayan masarufi, duk wanda ya tsallake layi kuwa jikinsa ya gaya masa.

Ma'aikacin gwamnatin da ya makara zuwa ofis, ko da furfura a kansa, akan sa shi tsallen kwaɗo a gaban na ƙasa da shi. An kuma buƙaci ma'aikata su haddace taken ƙasa da alkawarin biyayya ga ƙasa.

A kasuwanni an riƙa fasa rumbunan 'yan kasuwar da ake zargi da ɓoye kaya ana sayar wa jama'a a kan farashin da hukuma ta ƙayyade. A matakin tsabta kuma an rushe rumfuna da shagunan gefen titi masu yawa, abin da ya raba dubban masu ƙaramin ƙarfi da sana'arsu.

Dokokin soja

Ƙashin bayan wannan tsari shi ne jerin dokokin da Majalisar Ƙoli ta Soja ta kafa a 1984, bayan ta jingine muhimman sassa na kundin tsarin mulkin 1979.

Doka mai lamba 2 ta ba Janar Idiagbon, a matsayinsa na shugaban ma'aikata a hedikwatar ƙoli ta soja, ikon tsare duk wanda ake gani barazana ne ga tsaron ƙasa ko tattalin arzikinta har tsawon wata uku ba tare da an tuhume shi ba. Ana iya sabunta wa'adin sau da yawa, kuma babu kotun da ke da hurumin tambayar dalili.

Doka mai lamba 3 ta kafa kotunan soja na musamman domin ƙwato dukiyar jama'a. Mafi ƙarancin hukuncin da suke yankewa shi ne ɗaurin shekara 21, babu kuma damar ɗaukaka ƙara zuwa wata kotu.

Doka mai lamba 4 ta haramta buga duk wani labari na ƙarya game da jami'an gwamnati, har ma da wanda zai iya zubar da ƙimar gwamnati ko jami'anta.

Doka mai lamba 5 ta mayar da shari'ar fashi da makami hannun kotuna na musamman, tare da hukuncin kisa.

Ita kuwa doka mai lamba 20 ta tanadi kisa ga masu safarar hodar iblis, da masu satar ɗanyen mai, da masu fasa bututu ko lalata wayoyin lantarki, da masu ƙona gine-ginen gwamnati. Satar jarrabawa ma a ƙarƙashinta na iya jawo ɗaurin shekara 21.

Ƙungiyar lauyoyi ta Najeriya ta umarci mambobinta su ƙaurace wa kotunan da ke shari'ar 'yan siyasa, saboda hafsoshin soja ne ke shugabantarsu, kuma ana zamansu ne a asirce.

Manya a bayan kanta

An ƙiyasta cewa 'yan siyasa da jami'an gwamnati da 'yan kasuwa kimanin 500 ne aka tsare a gidajen kurkuku daban-daban na ƙasar.

Tsofaffin gwamnonin Kano biyu, Alhaji Abubakar Rimi da Alhaji Sabo Bakin Zuwo, na cikin waɗanda aka yanke wa ɗaurin shekaru masu yawa, haka ma Jim Nwobodo na Anambra da Farfesa Ambrose Alli na Bendel da Bisi Onabanjo na Ogun.

Ga talakawa da yawa, wannan ne karo na farko da suka ga an tasa ƙeyar mai riƙe da babban muƙami zuwa gidan yari saboda dukiyar jama'a, kuma daga nan ne sunan Buhari ya kafu a matsayin wanda ba ya sassauta wa ɓarayin gwamnati.

Sai dai akwai shari'o'in da suka jawo tambayoyi. Tsohon gwamnan Ondo, Cif Adekunle Ajasin, dattijo mai shekara fiye da 70, kotun ta wanke shi, amma aka ci gaba da tsare shi.

Shi kansa Shugaba Shagari ɗaurin talala aka yi masa a wani gida a Legas, yayin da mataimakinsa Dakta Alex Ekwueme ke kurkukun Kirikiri. Wannan ya sa wasu 'yan kudancin ƙasar suka zargi gwamnatin da cewa tana da shafaffu da mai.

Neman waɗanda suka tsere ma ya kai har ƙasashen waje. A ranar 5 ga watan Yulin 1984 jami'an kwastan na filin jirgin saman Stansted da ke Ingila suka gano tsohon ministan sufuri Alhaji Umaru Dikko a sume cikin wani akwati da ake shirin ɗorawa a jirgin da zai tafi Legas.

Gwamnatin Najeriya ta musanta hannu a lamarin, amma kotu a Birtaniya ta ɗaure 'yan Isra'ila uku da wani ɗan Najeriya guda, dangantakar ƙasashen biyu kuma ta yi tsami na tsawon lokaci.

'Yan jarida da masu suka

A watan Yulin 1984 aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian ta Legas shekara guda kowannensu a ƙarƙashin doka mai lamba 4, saboda labaran da suka buga kan naɗin jakadu. An kuma ci jaridar tarar naira 50,000.

An tsare malamin makaranta kuma mai sharhi Tai Solarin, an ɗaure mawaƙi Fela Anikulapo-Kuti shekara biyar bisa laifin yunƙurin fita da kuɗin ƙasashen waje, hukuncin da ƙungiyar Amnesty International ta ce siyasa ce a cikinsa.

Da likitoci suka shiga yajin aiki a 1985 kan taɓarɓarewar asibitoci, sai aka haramta ƙungiyarsu, aka kama wasu shugabanninta.

Sarakuna ma ba su tsira ba. A 1984 an hana Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero da Ooni na Ife Oba Okunade Sijuwade fita daga masarautunsu na wata shida, saboda ziyarar da suka kai Isra'ila ba da izinin gwamnati ba.

Hukuncin da ya koma baya

Daga cikin duk waɗannan matakai, kisan samarin uku ne ya fi tayar da ƙura a ciki da wajen ƙasar.

Abin da masu suka suka riƙe shi ne, doka ba ta hawa kan laifin da aka aikata kafin a kafa ta, kuma ba a ɗora wa mutum hukuncin da ya fi wanda ke aiki a ranar da ya yi laifin. Kundin tsarin mulkin 1979 ya tanadi haka, na 1999 ma ya maimaita.

Wannan ƙa'ida sananniya ce a wurin malaman shari'ar Musulunci, waɗanda ke kafa hujja da aya ta 15 a cikin Suratul Isra'i cewa azaba ba ta zuwa sai bayan gargaɗi ya isa.

Gwamnatin a nata ɓangaren ta kare matakin da cewa Najeriya na neman zama zangon masu safarar miyagun ƙwayoyi zuwa Turai da Amurka, kuma hukunci mai tsanani ne kawai zai tsorata su.

Ban da waɗannan ukun, an bindige ɗaruruwan mutanen da aka samu da laifin fashi da makami a 1984 da 1985, da yawansu a bainar jama'a.

Yadda abin ya shafi garuruwan kan iyaka

A wancan lokacin Daura da Katsina na cikin tsohuwar jihar Kaduna ne, domin sai a watan Satumbar 1987 aka ƙirƙiro jihar Katsina.

Matakin da ya fi taɓa mutanen wannan yanki shi ne na watan Afrilun 1984, lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa aka kuma sauya launin takardun naira, da nufin lalata kuɗin da aka ɓoye ko aka fitar waje.

An ba jama'a ƙasa da mako biyu su canza kuɗinsu, kuma naira 5,000 kawai ake canza wa mutum hannu da hannu. Mutanen karkara da ba su da banki a kusa, da fataken da ke riƙe da naira a tsallaken iyaka, sun tafka asara.

A yankunan Mashi da Mai'adua da Zango da Ɓaure da Jibiya, inda dangi ɗaya ke zaune a ɓangarori biyu na iyaka, cinikin hatsi da dabbobi da aka gada kaka da kakanni ya koma fasa-ƙwauri a idon hukuma.

Rufe iyakar ya zo daidai da mummunan farin da ya afka wa yankin Sahel. Hatsin da aka saba kaiwa Maraɗi da Damagaram daga kasuwannin Najeriya ya yanke, sannan a 1985 aka kori dubban ɗaruruwan baƙin da ba su da takardun zama.

Wannan ne ya sa Hausawan Jamhuriyar Nijar suka laƙaba wa yunwar 1984 zuwa 1985 sunan El-Buhari. Ba a sake buɗe iyakokin ba sai a 1986.

Reshe ya juye da mujiya

A ranar 27 ga watan Agustan 1985, a lokacin bukukuwan Babbar Sallah, babban hafsan sojan ƙasa Manjo Janar Ibrahim Babangida ya kifar da gwamnatin, yayin da Janar Idiagbon ke Saudiyya wurin aikin hajji.

A jawabinsa na farko Janar Babangida ya zargi wanda ya gada da taurin kai da ƙin sauraren shawara. Nan take ya soke doka mai lamba 4, ya saki 'yan jarida da 'yan siyasa da dama.

An kuma buɗe wa manema labarai ɗakunan tsare mutane na hukumar tsaro ta NSO da ke Ikoyi, wadda Ambasada Muhammadu Lawal Rafindaɗi ke shugabanta, inda aka nuna mutanen da suka daɗe a tsare cikin mawuyacin hali. An rushe hukumar a 1986.

Kwamitocin da Mai shari'a Mohammed Bello da Mai shari'a Samson Uwaifo suka jagoranta sun sake duba shari'o'in, aka rage wa wasu ɗauri, aka sallami wasu. A 1986 ɗin ne kuma aka maye gurbin hukuncin kisa kan safarar ƙwayoyi da ɗauri.

Shi kuwa Janar Buhari an tsare shi fiye da shekara uku, akasari a garin Benin, ba tare da an gurfanar da shi gaban wata kotu ba, har zuwa watan Disambar 1988.

Doka mai lamba 2 ta fi gwamnatin da ta haife ta tsawon rai. Gwamnatocin Babangida da Janar Sani Abacha sun ci gaba da amfani da ita kan masu adawa da su, sai a 1999 Janar Abdulsalami Abubakar ya soke ta.

Ko tsananin ya yi amfani?

Magoya bayan shirin na nuni da cewa bin layi da zuwa aiki a kan lokaci sun zama ruwan dare a wancan zamani, kuma al'adar share gari a ranar Asabar ɗin ƙarshen wata ta ɗore shekaru da yawa a jihohi daban-daban. Suna cewa wata 20 sun yi kaɗan a ce an gyara ɓarnar da aka daɗe ana yi.

Masu suka kuwa na cewa ladabin da bulala ta koyar ya tafi tare da mai bulalar, tun da ba a gyara aikin 'yan sanda da kotuna da gidajen yari ba.

Suna ba da misali da fashi da makami, wanda tun 1970 ake kisa a kansa, amma shekara guda bayan faɗuwar gwamnatin sai ga gungun Lawrence Anini ya addabi garin Benin, har aka kama shi aka bindige a 1987. Safarar ƙwayoyi ma ta ci gaba da bunƙasa, abin da ya kai ga kafa hukumar NDLEA a 1989.

Irin wannan muhawara ta taso a wasu ƙasashen. A Amurka, Joe Arpaio, zaɓaɓɓen shugaban 'yan sandan gundumar Maricopa a jihar Arizona daga 1993 zuwa ƙarshen 2016, ya yi suna wajen ajiye fursunoni a tantuna cikin zafin hamada, da fitar da su aiki ɗaure da sarƙa, da rage musu abinci zuwa sau biyu a rana.

Jama'ar gundumar sun zaɓe shi har sau shida. Amma a 2013 wata kotun tarayya ta yanke cewa jami'ansa na nuna wariya ga mutanen da suka fito daga Latin Amurka, a 2016 ya faɗi zaɓe, a 2017 kuma aka same shi da laifin raina kotu kafin Shugaba Donald Trump ya yi masa afuwa.

Bambancin da masana shari'a ke nunawa shi ne, a can ƙofar kotu ta kasance a buɗe ga wanda aka zalunta, alhali a Najeriya ta 1984 dokokin soja sun rufe ta.

Dawowa ta akwatin zaɓe

Janar Buhari bai amsa gayyatar kwamitin Mai shari'a Chukwudifu Oputa ba, wanda aka kafa a 1999 domin binciken take haƙƙin bil'adama a zamanin soja.

Amma a watan Fabrairun 2015, a cibiyar Chatham House da ke Landan, ya ce ya ɗauki alhakin abin da ya faru a ƙarƙashin mulkinsa, kuma ya rungumi tafarkin dimokuraɗiyya.

Sunan da ya yi a 1984 na cikin abubuwan da suka ba shi miliyoyin ƙuri'u a arewa a zaɓukan 2003 da 2007 da 2011 da bai yi nasara ba, da kuma na 2015 da 2019 da ya lashe.

A mulkinsa na farar hula an sake zargin gwamnatinsa da ƙin bin umarnin kotu, musamman kan tsare Kanar Sambo Dasuki daga 2015 zuwa 2019, da Sheikh Ibrahim El-Zakzaky daga 2015 zuwa 2021. An kuma sake rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020.

Shi ne kuma ya sa hannu a 2019 kan dokar da ta sauya sunan gidajen yari zuwa gidajen gyaran hali, ta kuma tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba kan ƙananan laifuka. Duk da haka, har ya sauka a 2023 kimanin kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare jiran shari'a suke yi.

A jiharsa ta Katsina hare-haren 'yan bindiga sun yi ƙamari a waɗannan shekaru, har aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disambar 2020, a daidai lokacin da yake ziyara a Daura.

Janar Tunde Idiagbon ya rasu a Ilorin a watan Maris na 1999. Muhammadu Buhari ya rasu a Landan ranar 13 ga watan Yulin 2025, aka yi masa sutura a gidansa da ke Daura bayan kwana biyu.